Ajiye injin ƙaramin jirgi lokacin hunturu

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ka ajiye injin fetur na jirginka mai rimot har iskar hunturu ta lafa. A Yamai sanyi bai cika ɓata inji ba, ƙura da tsohon mai ne matsalar.

Juye tankin, ka tada injin ya shanye na cikin karbirato har ya mutu da kansa. Fetur in ya kwanta watanni yakan zama danƙo, ya toshe ƙananan ramukan karbirato, gyaransu kuwa wahala ce. Sai ka cire buji, ka ɗiga man inji kaɗan a ramin bujin, ka juya farfela da hannu, bayan ka zare batir, don Allah. Toshe bakin karbirato da salansa da tsumma mai tsabta, ka sa shi cikin ɗaki, nesa da rana.