Tambaya da Amsa: Yaya hanta za ta kamu ba tare da shawara ba?

Tambaya: Likita, ɗan ƙanwata mai shekara bakwai ya yi ƙarambau. Yana cikin samun sauƙi sai amai ya taso masa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan barci da ruɗewa. An gwada jini aka ce ALT da AST sun hau sosai, ana zargin cutar Reye. To yaya hanta za ta kamu alhali idonsa fari tas?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Abin da ya ɗaure miki kai shi ne ma yake sa likita ya tuna da Reye, cutar da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwar yara. ALT da AST sinadarai ne da ke cikin ƙwayoyin hanta, idan ƙwayoyin suka ji rauni sai su tsiyayo cikin jini. A wannan cuta sukan ninka na lafiya sau 3 ko fiye, amma bilirubin, wanda ke mai da ido ruwan ɗorawa, yakan tsaya kusa da daidai.

Sai dai hawan ALT da AST ba ya nuna tsananin ciwon. Ammoniya, wata guba da jiki ke samarwa, ita ce abin sa wa ido. Hanta ce ke mai da ita yuriya ta fita ta fitsari, idan ta gaza sai ammoniyar ta taru, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A nan ake yawan kuskure: in aka ɗaure hannu tamau wajen ɗibar jinin, ko aka bar kwalbar ta jima a kan tebur, sakamakon zai hau na ƙarya. A sa ta cikin ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin minti 30. A duba sukarin jini kuma, don yakan faɗi, da saurin daskarewar jini, wanda kan yi jinkiri.

Tun da Dokta Douglas Reye ya bayyana cutar a Ostareliya a 1963, an gano alaƙarta da bai wa yaro asfirin lokacin mura mai zafi ko ƙarambau. A Amurka an samu yara 555 masu cutar a 1980, bayan gargaɗi kan asfirin ta zama sai jefi-jefi. Don haka ku faɗa wa likitansa duk maganin da aka ba shi, har da na gudawa mai ɗauke da salisilet, sinadari ɗan'uwan asfirin.

In bai sha asfirin ba, ko ya taɓa yin irin wannan, a nemi gwajin cututtukan gado na sarrafa kitse kamar MCAD, domin suna kwaikwayon Reye sak. Jinin wannan gwajin gara a ɗiba tun yana cikin ciwon, kafin ƙarin ruwa mai sukari ya ɓoye alamun.