Amsar Alhaji ga Hajiya kan takardar da aka manna mata a sito

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari muryarki har ƙarshe, na kuma kalli bidiyon da yaronki ya turo miki daga Niyok. Kin ce a ciki ana ta maganar dokar jiha da dokar tarayya, ke kuma ba ki san wadda kika cika da wadda ta rage ba, ga shi an manna miki takarda a ƙofar sitonki na Aboabo a nan Kumasi, inda kike haɗa shito, yajin nan na kwalba, alhali satifiket ɗin rajista na rataye a bango. To ni abin da na ji kina tambaya shi ne, wai wannan satifiket ɗin bai wadatar ba ne? Bai wadatar ba, ƙanwata. Ko kusa.

Ki fara ajiye bidiyon nan gefe, ba da ke yake ba. Amurka jihohi 50 ne, kowace da majalisarta da dokokinta. Can a jiha ake yi wa kamfani rajista, lambar haraji kuma gwamnatin tarayya ke bayarwa. Najeriya ma tarayya ce, jihohi 36, sai dai su rajistar kamfani ta CAC ce, ta tarayya, harajin albashin ma'aikata kuma jiha ke karɓa. Masu shago a Kano da ke cikin gurup ɗin nan sun sani. Mu nan Gana ba mu da jiha. Yankuna 16 gare mu, kuma yankin Ashanti ba shi da wata majalisa da za ta zauna ta ɗora miki haraji. Amma kar ki ce an huta, mu ma hawa biyu ne. Akwai hukumomin ƙasa masu hedikwata a Akra, akwai kuma asambili, wato ƙananan hukumomi, su 261 a faɗin ƙasa, kowace da kuɗin da ta yanka wa 'yan kasuwarta.

Abin da ke bangonki na ƙasa ne. Rajistara Janar muke ce masa a da, bayan dokar kamfanoni ta 2019 aka ware ofishin rajistar kamfanoni daban, shi ne ORC. Abu ɗaya tak takardar nan ta faɗa: sunan nan naki ne, gwamnati ta san da shi. Ba ta ce kin biya haraji ba, ba ta ce an ba ki izinin buɗe ƙofa a unguwa kaza ba. Kuma in sunan kasuwanci kika yi wa rajista ba kamfani ba, duk shekara ake sabuntawa. Don Allah in kin gama jin muryar nan ki sauke ta daga bango ki duba kwanan watan da ke jiki.

Ita kuwa takardar da aka manna miki ta asambili ce, famit ɗin gudanar da kasuwanci, wanda suke kira BOP. Duk shekara 'yan majalisar asambili ke zama su tsayar da abin da kowane irin kasuwanci zai biya, mai kwantena daban, mai sito daban, mai sarrafa abinci daban, har allon da kika kafa a bakin titi da kuɗinsa. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ce ta ba su wannan ikon, ba son ransu ba ne. Na san abin da za ki ce, za ki ce ai kin biya a kasuwar Kejetia inda shagonki yake. Kin biya KMA, asambilin birnin Kumasi, gaskiya ne. Amma Aboabo ba ta ƙarƙashin KMA. Tun 2012 aka cire Asokore Mampong ta zama asambili mai cin gashin kanta, Aboabo da Sawaba da Asawase duk can suka faɗa. A 2018 aka sake yanka Kumasi, Suame da Tafo da Kwadaso da Asokwa da Oforikrom kowa ya samu tasa. Mu tsofaffi har yau bakinmu ya saba, komai sai mu ce KMA, amma a takarda ba haka yake ba. Shagonki na Kejetia asambili ɗaya, sitonki inda ake suya da ɗuri wata asambili. Wuri biyu, famit biyu. Wanda ya yi azahar ba a yafe masa la'asar ba, kowace da lokacinta.

Kuma tunda maganar famit ta taso, ina roƙonki da girman Allah kar ki ba kowa kuɗi ya je ya yi miki. Kowa, ko ɗan wane ne. Waɗanda muka zauna layi ɗaya a Alabar sun san abin da nake nufi. Akwai wani mutum da ya riƙa zagaya mu wani lokaci can baya, kullum cikin guga, da jakar fayil a hammata, ya ce yana da mutane a ciki, a haɗa masa kuɗin layin gaba ɗaya zai samo ragi. Na ce a gaban kowa ban yarda ba, kuɗin gwamnati ba a yi masa ragi a bakin shago. Aka ce Alhaji ya cika taurin kai, aka ce ina hana yaro neman abinci. Har wani ya ce wai don ba ta hannuna abin ya biyo ba ne. To ya kawo musu takardu, da hatimi da sa hannu, fes, wasu har gilashi suka sa musu. Da masu karɓar kuɗi suka zo zagaye ana saura kwanaki kaɗan babbar salla, ɗaya ya ɗauki rasit ɗin maƙwabciyata ya ɗaga shi sama yana dubawa, ya buɗe littafinsa, ya ce Mama wannan lambar ba tamu ba ce. Baiwar Allah ce mai marayu, shinkafa da mai take sayarwa. Ina tsaye aka ja ƙofar aka danna kwaɗo, aka rubuta da jan fenti a jiki. Ta zauna a kan benci ta riƙe takardar da hannu biyu, ba ta ma yi kuka ba, sai tambaya take, to kuɗina fa? Kasuwar salla da ake jira shekara guda ta wuce ta. Mu muka yi ta sintiri muna ba da haƙuri, kuma ma'aikatan ba su yi mata zalunci ba, a littafinsu ba ta biya ba. Ta sake biya daga farko, da tara a kai. Shi kuwa mutumin har gobe ina ganinsa a wajen ɗaurin aure, a sahun gaba, yana miƙo hannu a gaisa. Waɗanda suka kira ni mai taurin kai kuma babu wanda ya dawo ya ce Alhaji ashe gaskiyarka. Ba neman yabo nake ba, amma abin na ci mini rai, domin bara ma na ji wani irinsa ya ɓullo ta wajen Sawaba, kuma mutane na ba shi. Rasit na gaskiya shi ne na gwamnati da ake kira GCR, mai lamba a buge, a karɓa a hannun ma'aikaci mai katin shaida ko a ofishinsu. In ta waya za ki biya, ki tabbata sunan asambili ne ya fito kafin ki danna, in sunan mutum ya fito ki fasa.

Ina nake ma? Yauwa, na ƙasa. GRA, hukumar haraji. Tun Afrilun 2021 lambar Ghana Card ɗinki ita ce lambar harajinki, saboda haka maganar ba ni da TIN ta ƙare. Ƙananan masu sana'a, irin teloli da masu kitso, akwai sitam na haraji da suke saya duk wata uku. Ke kin wuce nan a ganina, mai aika kwali-kwali Tamale da Akra. Ki je su buɗe miki fayil, ki riƙa kai lissafin shekara kafin ƙarshen Afrilu. VAT bai hau kanki ba sai cinikinki na shekara ya kai iyakar da doka ta sa, kuma da littafi ake gane hakan. Ki sayi littafi, abin da ya shiga da abin da ya fita a rubuta kullum. Wanda ba shi da littafi ƙiyasi ake yi masa, kuma ƙiyasi ba ya zuwa da sauƙi.

Sai 'yan matan da ke miki aiki. Na san za ki ce yaran gida ne. In kina ba yarinya albashi duk ƙarshen wata, ma'aikaciya ce a idon doka, kuma SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, na da haƙƙi. Dokar fansho ta 2008 ce: kashi 13 cikin 100 daga aljihunki, kashi 5.5 daga albashinta, jimla 18.5. A ciki 13.5 ke tafiya SSNIT, 5 kuma wani asusun fansho na biyu. Ana biya kafin ranar 15 ga watan da ke biye. A'a, tsaya, 14 ne na SSNIT, 15 ɗin na harajin albashi ne na GRA, in albashin ya kai a cire. Kwana ɗaya ne tsakaninsu, shi ya sa ake haɗa su. Wannan ni ban ɗauke shi haraji ba ma, haƙƙin yaran mutane ne. Mu nawa ne a zango muka ga tsoho ya yi wa wani aiki shekara da shekaru, ƙarfi ya ƙare, ba shi da ko sidi ɗaya da ke shigo masa?

Yanzu ki ɗauki kwalbar shito ɗinki guda ɗaya ki kalla, hawa biyun nan duk suna kanta. Abin da ke ciki na FDA ne, hukumar abinci da magunguna ta ƙasa, ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012. Duk abincin da aka ɗura aka rufe aka manna wa suna, sai sun zo sun ga inda ake yi, an gwada shi, sun ba da lamba. A jikin takardar kwalbar a ga abin da aka haɗa, da ranar yi, da ranar lalacewa, da adireshinki. Suna da tsari na mataki-mataki don ƙananan masu sarrafawa, ba za su ce sai kin gina masana'anta ba. Kuma ba babban kantin da zai ɗora kayanki a kanta ba tare da lambar nan ba, ke da kike son shiga manyan shagunan Adum. Hannun da ya soya shi kuma na asambili ne. Tankas, wato duba-gari na asambili, za su tambayi takardar gwajin lafiya ta duk mai taɓa abinci, su duba kwata da shara da inda ake wanke kwalabe. FDA ta ba ki lamba ba ta hana tankas rubuta ki, takardar tankas kuma FDA ba ta san da ita ba.

Kar ki manta da 'yan kwana-kwana, ke da ke da tukwanen gas a sito. Satifiket ɗinsu ma na shekara-shekara ne. Wanda ya ga gobarar Kejetia ta 2023 da ta Adum ta 2025 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

 

Abin da za ki yi, ki ciro takardar daga ƙofa a hankali kar ta yage, akwai wa'adi a rubuce a jiki. Kafin ya cika ki ɗauke ta da Ghana Card da satifiket ɗin ORC ki je ofishin kuɗin shiga na Asokore Mampong da ƙafarki. Ki ce su nuna miki a jadawalin bana rukunin da suka sa ki, domin in sun rubuta ki babbar masana'anta alhali tukunya uku gare ki, a nan ake gyarawa. In kuɗin ya yi nauyi ki nemi a raba miki biya. Ki tafi da babbar 'yarki mai karatu ta riƙa rubuta abin da aka ce. In kin dawo ki ɗauki hoton rasit ɗin ki turo mini ni kaɗai, ba a gurup ba, in duba lambar.