Kafin ka biya kuɗin manhajar tsara aiki, ɗauki biro da takarda

Wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Ƙofar Ruwa, Kano, ya aiko da tambaya. Ya ce bana ya fara karɓar ƙananan kwangiloli, shaguna da katanga, kuma sau biyu a jere ya miƙa aiki a makare, har ribar ta ƙare a kuɗin lebura da hayar kayan aiki. Ɗan yayarsa ya ba shi shawarar ya koyi Microsoft Project, wata manhajar kwamfuta ta tsara jadawalin aiki. Yana so ya ji ko ya dace ya kashe kuɗi a kai.

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Ka koya, yaron ya yi gaskiya. Sai dai ban so ka fara da sayen manhaja ba, domin abin da ka zuba mata shi za ta lissafa maka. In ba ka san wane aiki ke jiran wane ba, zane mai kyau kawai za ta fitar, kwanakin kuwa na ƙarya ne.

Ɗauki kwangilar shagunan da ta makara. Zauna da magininka bayan la'asar, ku rubuta ayyukan ɗaya bayan ɗaya: haƙa harsashi, zuba kankare, ɗora bulo har linta, zuba linta, rufi, wayarin, filasta, ƙofofin ƙarfe, fenti. Kowanne ku sa masa kwana nawa yake ci a zahiri, ba kwanakin da ake faɗa wa mai aiki don a faranta masa ba. Sannan tambaya mafi girma: me dole a gama kafin a fara wannan? Kafinta ba zai hau rufi ba sai linta ta kama. Mai wayarin dole ya binne fayif kafin a yi filasta, in ba haka ba a fasa bango a biya sau biyu. Mai walda kuwa ba ya jiran kowa. Tun ranar da aka fara haƙa za ka iya ba shi awon ƙofofi. Na sha ganin gini ya kammala tsaf, ana zaman jiran ƙofa mako biyu, saboda sai bayan filasta aka tuna da shi.

Idan ka bi ayyukan da ke jiran juna daga farko zuwa ƙarshe, akwai jeri guda da ya fi kowanne tsawo. Ni ina kiransa ƙashin bayan aiki. Kwana ɗaya in ya zame a cikinsa, ranar miƙa makulli ta zame. Sauran ayyukan suna da rarar kwanaki. Wannan dabara ta girmi kwamfutar da ke kan teburinka: kamfanonin DuPont da Remington Rand na Amurka suka fito da ita a 1957, shi kuma jadawalin sanduna da za ka gani a allo na Henry Gantt ne, tun shekarun 1910. Microsoft Project sai 1984 ta fito.

To, ina amfanin manhajar? Amfaninta yana bayyana ranar da abu ya lalace. Tifar yashi ta yi lattin kwana uku, ka canza lamba ɗaya, nan take duk ayyukan da ke bayanta su matsa, ka ga sabuwar ranar gamawa, ka kira mai aiki tun kafin shi ya kira ka. A takarda sai ka sake lissafi daga tushe.

Don koyo, sauke ProjectLibre ko GanttProject, duka kyauta ne, kuma ProjectLibre tana buɗe fayilolin Microsoft Project. Wata manhajar mai suna Primavera, ta kamfanin Oracle, ta manyan kamfanonin gine-gine da na man fetur ce, ba ka bukatarta yanzu.

Abu guda zan ja kunnenka a kai, domin nan masu koyo suka fi faɗuwa: kalanda. Microsoft Project tana zuwa da makon ofis, Litinin zuwa Juma'a, awa 8 a rana. Mu kuwa ana aiki Asabar, Juma'a rabin yini ce, a azumi leburan kankare ba zai yi abin da yake yi a sauran watanni ba, kuma makon Sallah kowa ya tafi gida. Ga ruwan Agusta. Gyara kalandar kafin ka shigar da aiki ko ɗaya. Haka kwanakin jiran kankare: ba wanda ke aiki a cikinsu, amma ana ƙirga su, kuma injiniyoyi a kwana 28 suke auna cikakken ƙarfinsa. Tambayi injiniyanka yaushe za a cire katakon da ke riƙe da kankaren, ka sa wannan tazara a jadawalin. In ka gama, ajiye shirin farko kada ka taɓa shi, da shi za ka riƙa gwada inda aka kai duk mako.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi damuna a tambayarka. A gefen kowane aiki rubuta abin da zai ci da ranar da za ka biya, sannan ka ɗora ranakun da mai aiki zai ba ka kuɗi. Da yawa za ka tarar kafin alƙalami ya ƙare daidai lokacin sayen kwano da katako, kashi na biyu kuma sai an gama rufi. Wannan giɓin shi ke tsayar da aiki, shi ke sa ɗan kasuwa ya ɗebi rodi da siminti daga shagonsa ba rubutu, ya wayi gari jarin shago ya tafi cikin ginin wani. In ka hango shi tun kafin sa hannu, sai ka nemi a raba biyan yadda zai rufe shi. Kayan da ka ɗauka a shagonka kuma ka rubuta su bashi a kan kwangilar, a farashin da kake sayar wa kowa.

Ka ba yaron aikin shigar da bayanai, amma kai da magini za ku riƙa zama duk Asabar da yamma ku faɗa masa abin da aka gama da abin da ya rage.