Agogon aljihu na gado: yadda ake gane shekarunsa da ƙarfensa

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin kayan marigayi kakanmu, tsohon ma'aikacin reluwe, mun tarar da agogon aljihu mai sarƙa, fari kamar azurfa, amma ba ya tafiya. Wani mutum ya taya, ya ce shi ƙarfen kawai yake so. Yaya za mu gane shekarunsa da darajarsa? Kuma in murɗa shi in ga ko zai tashi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan tsoho. Kada ka murɗa shi tukuna, kada ka goge shi, kuma ka ce wa mai tayin ya dakata. Duk abin da kake nema a rubuce yake a cikin agogon, sai dai a buɗe a karanta.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne agogon aljihu abu biyu ne: inji da gidansa. Sau da yawa ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. A Amurka ma, mai saye yakan zaɓi inji a kanti, ya zaɓi gidan da ƙarfinsa zai kai, a haɗa masa nan take. Don haka lambar da ke jikin murfi ba ta faɗin shekarar inji, kuma injin kirki yana iya zama cikin gidan farin ƙarfe.

Shimfiɗa tawul a kan tebur, ka duba gefen murfin baya. In akwai ɗan leɓe da hinji, farcen babban yatsa ya isa ya ɗaga shi, kuma galibi za ka tarar da murfi na biyu a ciki. In babu hinji, mai yiwuwa na murɗawa ne: kifa shi a tafin hannu ka juya hagu. Masu sa wuƙa ko sukundireba a irin wannan murfi su ne ke cinye zarensa, daga nan ba ya sake rufuwa daidai. Idan ya buɗe, ɗauki hoto da waya ka ƙara girmansa. Kada ka taɓa injin da yatsa, kada ka hura masa iska da baki, danshin yana kawo tsatsa.

Hatiman da ke cikin murfi su ne shaidar ƙarfe. Azurfar Ingila tana ɗauke da zaki mai tafiya, ma'ana kashi 925 cikin 1000 azurfa ce. Kusa da shi akwai alamar garin da aka gwada ta: kan damisa na Landan ne, anga ta jirgin ruwa ta Birmingham, damman alkama uku da takobi na Chester, ofishin da aka rufe a 1962. Sai harafi guda, wanda shi ne shekara. A nan ake yawan kuskure, domin haruffan suna zagayowa, kuma kowane gari da jerinsa. Dole ka dace da garin, da salon harafin, da siffar ɗan filin da aka buga shi a ciki, sannan ka duba jadawalin wannan garin. Na Suwizalan daga wajen 1882 zuwa farkon shekarun 1930 suna da dabbar beyar a tsaye tare da 0.875 ko 0.935, ko wani tsuntsu mai kama da zakara tare da 0.800. Zinariya kuwa 375 karat 9 ne, 585 karat 14, 750 karat 18.

Akwai rubutun da ke ruɗar mutane. In ka ga Silveroid, Silverode, Argentan ko Nickel Silver, babu ko ɗigon azurfa a ciki, haɗin tagulla da nikel ne. In gida mai launin gwal ne aka rubuta Guaranteed 20 Years ko 25 Years, to fallen zinariya ne aka manna a kan tagulla, shekarun kuma alƙawarin lokacin da zai ɗauka kafin ya koɗe. Gidajen kamfanin Dennison na Birmingham masu sunan Star, Moon da Sun duk irin wannan ne, na shekara 10, 20 da 25. Su kuwa ƙananan lambobin da aka karta da tsinin allura a cikin murfi, masu gyara ne suka bari, kowane zuwa asibiti da alamarsa.

Yanzu injin. Yadda ake yi masa wani, wato murɗa shi don ya yi tafiya, kaɗai yana rage maka nisan lissafi. Tun farkon ƙarni na 16 da maƙera irin su Peter Henlein na Nuremberg suka fara agogon ɗauka, da mabuɗi ake ɗaure sifirinsa, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ba injin ƙarfi. Sai a shekarun 1840 Adrien Philippe ya fito da tsarin murɗawa ta kai, kuma bai game kasuwa ba sai ƙarshen ƙarnin. To in agogonka yana da rami a murfin ciki inda mabuɗi ke shiga, galibi na ƙarni na 19 ne. In ka hango siririyar sarƙa kamar ta keke tana naɗe a wani abu mai siffar hasumiya, galibi tsohon ƙirar Ingila ne. Wannan ya fi kowanne saurin lalacewa a hannun wanda bai sani ba: juya mabuɗi ta inda ba nan ba ne yana tsinka sarƙar ko ya karya ƙugiyarta, masu iya gyaranta kuma ƙalilan ne.

In na Amurka ne, ka huta. Kamfanonin Waltham, Elgin, Hamilton da Illinois sun jera lambobin injinsu bi da bi, kuma jadawalinsu yana intanet. Waltham ta kai lamba miliyan 1 wajen 1877, miliyan 10 wajen 1901. Lambar da ke kan injin za ka nema, ba ta murfi ba. Na Suwizalan sun fi wuya, don da yawansu ba su da sunan maƙeri, sunan da ke fuska na kantin da ya sayar ne.

Tunda ka ambaci reluwe, kada hoton jirgin ƙasa a bayan murfi ya ɗauke maka hankali. Agogon reluwe na haƙiƙa ƙa'ida ce ta Amurka da ta ƙarfafa bayan karon jirage biyu a Kipton ta jihar Ohio a 1891, lokacin da aka ɗora wa wani mai sana'ar agogo, Webb C. Ball, duba agogon ma'aikata. Ana son fuska a buɗe ba murfi, lambobi manya baƙaƙe, duwatsu aƙalla 17, a daidaita shi a kwanciya biyar, kada ya kauce fiye da daƙiƙa 30 a mako. Ba a saita shi ta kai: sai an kwance zoben gilashi an zaro wani ɗan ƙarfe a gefen fuska. Wanda bai san haka ba ya yi ta fizgar kan sai ya tsinke shi. Masu hoton jirgi a baya kuwa, yawancinsu masu araha ne irin ƙirar Roskopf, wanda ya fito a 1867 don talaka ya samu na sawa. Jirgi ya iso Kano a 1911 a hannun Turawan Ingila, don haka agogon ma'aikacin wancan zamani ya fi kusa da zama na Suwizalan ko na Ingila, kamar Smiths na bayan yaƙin duniya na biyu.

In ka ga alamar kan kibiya da haruffan G.S.T.P. a baya, na sojan Ingila ne na wannan yaƙi, wanda mutanenmu suka je ƙasar Bama (Burma) a cikinsa. Irinsa yana da fenti a hannaye da lambobi wanda ya koma ruwan ƙasa. Radiyam ne. Ya daina haske da dare, amma gubarsa tana nan, don sai bayan shekara 1600 rabin ƙarfinsa ke raguwa. Kada a buɗe gilashin gaba, kada a kankare, kada a ba yara.

Duwatsun da ake ƙirgawa, 7, 15, 17 ko 21, yakutu ne da aka dasa inda ƙafafun giya ke juyawa don rage gogayya. Tun farkon ƙarni na 20 na haɗi ake sawa, ba su da kuɗi a karan kansu, amma yawansu yana nuna ajin injin.

Dalilin hana ka murɗawa shi ne mai. Wilin da ke kai-komo yana bugawa sau 18,000 a awa, a kan tsini mai siririn gashi. Man da aka sa shekaru aru-aru ya bushe, ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar yashi, kwana kaɗan na tafiya a haka ya isa ya cinye tsinin. Abin da za ka iya gwadawa shi ne ka juya agogon a hankali a kwance kana kallon wilin. In ya yi lilo sumul ya tsaya, ƙashinsa lafiya, datti ne ko sifirin da ya tsinke. In yana rawa yana karkata gefe, sandarsa ta karye, ciwon da ya fi kama agogon aljihu ke nan, domin ba su da kariya daga faɗuwa. Kada a ɗiga masa man keken ɗinki, kada a tsoma shi a fetur ko kananzir. Nemi tsohon mai gyara wanda ya san agogon da ake yi wa wani, ba mai canja batir ba, ka tambaye shi ko zai kwance injin ɗaya bayan ɗaya ya wanke. In ya ce tsomawa zai yi, ɗauki kayanka. Gilashin roba da ya yi rawaya a canja shi, tururinsa yana sa hannaye tsatsa. Fuskar tangaran mai tsagar gashi a bar ta yadda take, fentin sabo yana zubar da darajarta.

Batun kuɗi, kada ka sa rai da yawa. An sayar da agogon da kamfanin Patek Philippe ya ƙera wa wani attajirin Amurka, Henry Graves, kusan dala miliyan 24 a birnin Janiba na Suwizalan a 2014, amma Elgin da Waltham miliyoyi suka ƙera, kuma na gama-gari ba su da tsada. Abin da ke ɗaga farashi shi ne sunan maƙeri a kan inji, ajinsa, fuska ta asali, da gidan da aka haife shi da shi. In gidan azurfa ne, abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba idan an cire inji da gilashi an auna, kuma da zarar an narka shi injin ya zama maraya. Turo mana hoton cikin murfi da na injin, da lambar a fili, mu duba maka shekarar kafin ka ba mai tayin amsa.