Game da sunan Rüdiger da tsohuwar waƙar Jamusawa

Malam, ka ce ka ji wani mai sharhin ƙwallo yana cewa sunan Antonio Rüdiger daga wata tsohuwar waƙar Jamusawa ya fito, kana kuma mamakin yadda jaridun Ingila ke rubuta shi Rudiger, babu ɗigon nan biyu. Na yi shekara huɗu ina karatu a Mainz, kuma garin Worms, inda labarin waƙar ya fara, bai kai tafiyar awa guda a jirgin ƙasa ba. Mai sharhin yana da gaskiya, amma rabi.

Waƙar ita ce Nibelungenlied. An rubuta ta wajen shekarar 1200, ba a san mai ita ba, tana da baiti kusan 2,400 cikin babi 39. Akwai Rüdiger a ciki, hakimin Bechelaren, garin da yau ake kira Pöchlarn a bakin kogin Danube cikin Ostiriya. A ganina shi ne mutumin kirki ɗaya tilo a duk waƙar, kuma kirkin nasa ne ya kashe shi. Shi ya je nema wa ubangidansa Sarki Etzel auren Kriemhild, ya rantse mata zai tsaya mata a kan duk wanda ya cuce ta. Daga baya 'yan'uwanta suka sauka gidansa, ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ba ƙaraminsu Giselher 'yarsa, ya ba Gernot takobi. Da Kriemhild ta tashi ɗaukar fansar kisan mijinta na fari, Siegfried, sai ta tuna masa rantsuwa. Gaba kura baya sayaki: ga alkawari, ga baƙi da suruki. Ya shiga faɗan, ya miƙa wa Hagen, jarumin 'yan'uwan Kriemhild wanda ya kashe Siegfried, garkuwarsa ana tsakiyar yaƙi, ƙarshe shi da Gernot suka kashe juna, Gernot ya sare shi da takobin da ya ba shi kyauta.

Sai dai ba mawaƙin ya ƙirƙiro sunan ba. Tun ƙarnuka kafin shi Jamusawa ke raɗa wa yara shi, kuma kalmomi biyu ne aka haɗa, ɗaukaka da mashi. Waƙoƙin sun taimaka ne wajen hana irin waɗannan sunaye mutuwa. Daga ƙarni na 12 zuwa na 14, da birane suka cika har Hans ya yi yawa a unguwa ɗaya, sai aka fara liƙa wa mutum sunan ubansa, ko sana'arsa, ko garinsu, jikoki suka gada. Shi ya sa in ka duba maɓallan ƙararrawa a ƙofar kowane bene a can, da wuya ka rasa Günther, ko Dietrich, ko Hildebrandt. Dukansu suna cikin waƙar. Hildebrand ma yana da tasa waƙar da ta girmi wannan, wadda aka kwafa a Fulda wajen 830, kan uba da ɗa da suka haɗu a fagen fama ɗan bai gane uban ba. Dietrich kuwa Theodoric ne, sarkin da ya mulki Italiya har zuwa 526. Abin dariya, ranar da na kulle kaina a waje na san cewa ƙarfen da ake buɗe kwaɗo da shi in makulli ya ɓata, shi ma Dietrich suke ce masa.

Mawaƙan kansu fa, a nan mutane ke ruɗewa. Walther von der Vogelweide da Wolfram von Eschenbach, mawaƙan Jamus na wancan zamanin, ba sunan gado suke ɗauke da shi ba. Kalmar von "daga" take nufi, kamar yadda mu ma muke jingina mutum ga garinsu, Aminu Kano ko Shehu Shagari. Vogelweide kuwa makiyayar tsuntsaye ce.

Zuwa Turanci. Haruffansu ba su da wasali mai ɗigo biyu, don haka ko dai a zubar da ɗigon, Rudiger da Gunther, ko a bi ƙa'idar Jamusawa a ƙara e, Ruediger da Guenther. Na biyun ne ake bugawa a layin ƙasa na fasfo, wanda na'ura ke karantawa. Iyalai da dama da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun sauƙaƙe rubutun sunayensu, musamman a 1917 da ƙin Jamus ya yi tsanani, shekarar da gidan sarautar Ingila ma ya koma Windsor. Wasu sunayen kuwa tuni Turanci ke da 'yan'uwansu ta wata hanya: Roger da Rüdiger uwa ɗaya uba ɗaya ne, haka Derek da Dietrich. Siegfried ya shahara a Ingila ne ta wasannin kiɗa da waƙa da Richard Wagner ya tsara kan labarinsa, waɗanda aka fara nunawa gaba ɗaya a Bayreuth a 1876. Saboda son su mahaifiyar marubucin waƙa Siegfried Sassoon ta raɗa masa sunan.

In kana son furta shi yadda masu shi ke yi, tsuke leɓe kamar za ka ce "u", sannan ka ce "i" ba tare da ka sake su ba. R ɗin ƙarshe kuma kusan "a" ce. Ni sai da na yi wata shida kafin abokan karatuna su daina yi mini dariya.