Tambaya da Amsa: Manyan gari da tallafin talakawa

Wasiƙun wannan makon duk a kan abu ɗaya suka faɗo: yadda masu faɗa a ji suke kallon waɗanda talauci ya yi wa katutu, da yadda wannan kallo yake shafar shirye-shiryen tallafi. Mun zaɓi uku.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki da wata ƙungiya mai raba tallafin kuɗi. Duk inda muka je, manyan gari sai su ce mutanen nan malalata ne, in an ba su kuɗi ɓarnatarwa za su yi, su kuma daina neman na kansu. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar nan? Daga wata ma'aikaciyar agaji.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar tsohuwa ce ƙwarai. A Ingila, dokar talakawa ta 1834 a kanta aka gina ta: aka ce duk mai ƙarfin jiki da ke son taimako sai ya shiga gidan aikin dole, kuma da gangan aka tsananta zaman gidan don kada kowa ya yi sha'awarsa. Har yau manya a wurare da yawa gida biyu suke raba talakawa. Akwai wanda suke gani ya cancanci tausayi, kamar gwauruwa mai marayu, tsoho, makaho. Akwai kuma majiyi ƙarfi da ba shi da komai, wanda suke ganin shi ya jawo wa kansa.

An auna zargin, bai tsaya da ƙafarsa ba. A 2014 masu bincike na Bankin Duniya sun tattara nazari 19 daga Afirka, Asiya da Latin Amurka, suka ga tallafin kuɗi bai ƙara abin da gidaje ke kashewa a giya da taba ba. A 2017 wasu masanan suka sake duba gwaji bakwai daga ƙasashe shida, ba su ga alamar masu karɓa sun rage aiki ba.

Amma kada ki tsaya a nan, domin sau da yawa akwai abin da ba a faɗa miki. Mai gonar da ke ce miki sun zama malalata, wataƙila abin da ya gani shi ne ɗan ƙodagon da jiya yake karɓar ko nawa aka miƙa masa, yau yana ciniki. Mai ba da bashi da ruwa shi ma ya rasa abokin hulɗa. Saboda haka duk wanda ya kawo ƙorafi, ki tambayi kanki me yake samu a wurin mutanen nan kafin shirin ya zo. Ba duka ne masu son zuciya ba. Wasu da gaske suke, sai dai sun saba kallon taimako a matsayin alherin da mai shi ke yi wa wanda ya ga dama, a gode masa. Tallafin da ke zuwa a matsayin haƙƙi, ba godiya ba durƙuso, yana yi musu banbaraƙwai.

Tambaya: Ranka ya daɗe, an ɗora mini fitar da sunayen waɗanda za a taimaka. In na bar wa shugabanni, tsoro nake su cika takarda da danginsu. In na tsallake su, za su ɓata mini aiki. Yaya zan yi? Daga wani jami'in shiri.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya, amma ɓarnar ba ta cika faruwa a inda kake zato ba. A Indunusiya an yi gwaji a ƙauyuka 640. Wasu aka yi amfani da takardar ƙidayar kayan gida, wato irin rufi, daɓe, abin hawa da makamantansu. Wasu kuma aka tara jama'a su jera gidaje daga mafi talauci zuwa mafi wadata. Takardar ta ɗan fi dacewa wajen gano masu ƙarancin abin kashewa, amma jama'a sun fi gamsuwa da jerin da suka yi da kansu, ƙorafi ma ya fi ƙaranci. Abin mamaki, ko a inda shugabanni kaɗai aka gayyata taron, ba a ga sun cusa danginsu ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa hannu yana shiga ne a lokacin rabo, musamman daga masu riƙe da muƙami.

Ga yadda za ka tsara. Fara da rubuta sunan kowane gida a kati ɗaya, ka bi unguwa da ƙafa ka tabbatar ba a manta da kowa ba, domin mafi talauci su ne ba sa zuwa taro: baƙi, masu zaman aro a bayan gari, tsofaffin da ba mai ɗauko su. Kafin a taɓa kati ko ɗaya, taron ya amince da ma'aunin talauci da bakinsa, a rubuta a allo. Sai ka cuɗa katunan kafin jama'a su fara jera su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a gwajin Indunusiya, gidajen da aka jera a farkon taro an fi dacewa a kansu, na ƙarshe kuwa mutane sun gaji, ana ta wucewa kawai. In gidajen suna da yawa, raba taron gida biyu ko uku. Bayan haka ma'aikaci ya ziyarci kowane gida da ya faɗo a rukunin ƙasa, sannan wani na sama da shi ya sake duba wasu ba tare da sanarwa ba. A ƙarshe a karanta sunayen a bainar jama'a, a liƙa, a ba da 'yan kwanaki na ƙorafi ga wanda ba shi ya rubuta jerin ba.

Ranar rabo kuma, kowa ya san abin da ke nasa. A tsohon shirin shinkafa mai rangwame na Indunusiya, gida ya kasance yana da haƙƙin kilo 15 a wata, amma yawanci abin da ke isa hannu bai kai haka ba. Da aka aika wa gidaje kati mai nuna haƙƙinsu, rangwamen da suke samu ya ƙaru da kusan kashi 26 cikin ɗari.

Tambaya: To ashe babu amfanin da manyan gari za su yi wa irin wannan shiri ke nan? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Akwai, ɗalibi, in an ba su aikin da ya dace da su. Ƙungiyar BRAC ta Bangaladesh ta fara shirinta na matalauta tuburan a 2002: a ba mace jari kamar saniya ko awaki, da ɗan kuɗin abinci na wani lokaci don kada yunwa ta sa ta sayar da jarin, da horo da ziyarar ma'aikaci a kai a kai, har kusan shekara biyu. Matsalar ita ce matar da ba ta da kowa, in aka sace mata akuya ko dabbarta ta shiga gonar wani, ba ta da mai tsaya mata. Sai ƙungiyar ta kafa kwamitocin ƙauye da suka haɗa da masu faɗa a ji, aikinsu kare jarin, sasanta rigima, da tara gudunmawar gyaran ɗaki, masai ko kai mara lafiya asibiti. Lura da tsarin: zaɓen masu amfana da riƙon jari suna hannun ma'aikata, manya kuwa suna samun abin da suke so, wato suna da girma.

Sakamakon gwajin wannan salo a Habasha, Ghana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru ya fito a 2015, kuma a yawancinsu ci gaban gidajen ya ɗore shekara guda bayan an janye hannu. Honduras ce ta fi samun tangarɗa, don kajin da aka raba cuta ta kashe da yawa daga cikinsu. Irin wannan asarar ce masu cewa talaka ba ya iya riƙo suke jira, shi ya sa tun kafin a sauke dabba ta farko ya kamata a tanadi rigakafi da mai duba lafiyar dabbobi, kuma a sanar da kwamiti abin da za a yi in ta mutu.