Kaboyi, Cacar Baka da Bi-ta-da-ƙulli: Amsoshin Wannan Mako

Tambayoyin da suka taru a wannan makon sun karkata wuri guda, wato Amurka ta shekarun 1940 zuwa farkon 1960. Ga alama wasunku tsofaffin finafinai suke kallo, wasu kuma aikin fassara ne ya kai su can. Na tsinci waɗanda suka shafi harshe, sauran na bar wa malaman tarihi.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce kakansa yana kiran ƙanensa "kaboyi" duk lokacin da ya yi rashin ji, shin Hausa ce?

Ta zama Hausa, amma aro ce, kuma ta ƙofar silima ta shigo. A Turanci ma'anarta yaron shanu, wato ɗan ƙwadagon da ake biya ya kula da garken wani a kan doki. Zamanin waɗannan mutane na gaskiya gajere ne, daga ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865 zuwa wajen 1890, lokacin da ake koro shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas. Aikin wahala ne da ƙura da ƙaramin albashi, kusan irin na mutanenmu da suka riƙa kora shanu da ƙafa zuwa kurmi, kuma da yawansu baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko. Masu shirya fim ne suka wanke shi, suka ɗora masa malafa, suka rataya masa bindiga a ƙugu, suka mai da shi farin jarumi. A ƙarshen shekarun 1950 shirye-shiryen kaboyi fiye da 20 ne ke gudana a talabijin ɗin Amurka a lokaci guda.

Wannan na fim ɗin shi ya iso mana. Bahaushe bai ga kiwo a jikinsa ba, ai yana da kalmar makiyayi tun fil azal. Abin da ya gani shi ne saurayi mai taurin kai, mai saurin hannu, wanda ba ya sauraron kowa. To ma'anar da kalmar ta ɗauka ke nan a bakin dattawa. Ina tuna yaran unguwarmu washegarin kallo: a sami karan dawa a hau shi a matsayin doki, a ɗaura tsumma a wuya, a dunƙule yatsu uku a miƙe biyu ana "tau! tau!" a bayan katanga. Kakanka ya san abin da yake faɗa.

Shi wannan ɗalibin ya ƙara da cewa ko majigi da silima abu ɗaya ne. A'a. Majigi shi ne wanda hukuma ke kawowa a mota, a kafa farin ƙyalle a fili a nuna kyauta. Silima gida ce, da tikiti ake shiga.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambayi asalin "cingam". Aro ne daga Turanci, ƙaron taunawa ke nan.

Wani mai fassara daga Kaduna ya ce yana aiki a kan tarihin Sanata McCarthy, ya ga Turawa suna kiran abin da ya yi "farautar mayu", shin ya rubuta haka?

Kada ka rubuta. Wannan ita ce irin fassarar da ke sa ni ajiye jarida in tashi. Ga Ba'amurke, maganar ishara ce ga abin da ya faru a garin Salem a 1692, inda aka rataye mutum 19 bisa zargin maita, daga baya kowa ya gane zalunci aka yi. Saboda haka da ya ji ta, ya san ana nufin tuhumar marar laifi. Bahaushe kuwa ba shi da Salem a ransa. Maita a wurinsa magana ce mai rai, har gobe ana jifan tsofaffin mata da ita a ƙauyuka. Ka ce masa sanata ya fita farautar mayu, zai ɗauka mayun ne da gaske, wataƙila ma ya sa masa albarka.

Dubi abin da mutumin ya yi tukuna, kalmar za ta zo da kanta. Joseph McCarthy sanata ne daga jihar Wisconsin. A watan Fabrairun 1950, a garin Wheeling, ya ɗaga wata takarda a gaban taro ya ce tana ɗauke da sunayen 'yan kwaminis da ke aiki a ma'aikatar harkokin wajen ƙasar. Bai taɓa tabbatar da zargin ba, amma shekara huɗu ana tsoronsa. Tun kafin shi ma, a 1947, wani kwamitin majalisar wakilai ya kira mutanen masana'antar fim ta Hollywood yana tambayarsu ko sun taɓa shiga jam'iyyar kwaminis. Goma da suka ƙi amsawa an ɗaure su, kamfanoni kuma suka daina ba su aiki, su da wasu da yawa bayansu. Malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati yana iya rasa abincinsa don ya taɓa halartar wani taro shekara goma sha biyar baya. Hanyar tsira sau da yawa ita ce ka ambaci sunayen abokanka.

Hausa tana da kayan aikin wannan har da ragi. Ɗora wa mutum laifin da bai ji ba bai gani ba, shi ne shafa masa kashin kaji. Bin sa da tuhuma daga wannan kwamiti zuwa wancan, a hana shi sakat, shi ne bi-ta-da-ƙulli. Ƙulli a nan naushi ne, dunƙulallen hannu: ka bi ta kana kai mata duka duk inda ta juya. Gininta ɗaya da bi-ta-zaizai, kuma don Allah a riƙa sa mata karan ɗori, kalma ɗaya ce. Ina ganin masu rubuta "bita da ƙulli", sai ka ce bitar karatu ake yi. Ƙarshen McCarthy kuwa, a 1954 ya taɓo rundunar soja, aka yi makonni ana nuna zaman binciken kai tsaye a talabijin, jama'a suka ga yadda yake wulaƙanta shaidu, farin jininsa ya zube. A Disambar shekarar majalisar dattawa ta tsawata masa da ƙuri'a 67 a kan 22. Ya mutu a 1957. In kana neman kan babi, sharri kare ne, mai shi yake bi.

Wani daga Kumasi yana son sanin wanda ya fi daidai, tauraron ɗan Adam ko kumbo. Kowanne da wurinsa. Sputnik da Tarayyar Sobiyat ta harba ranar 4 ga Oktoban 1957, wanda ya firgita Amurka har ta kafa hukumar binciken sararin samaniya ta NASA a 1958, tauraron ɗan Adam ne, domin kewaya duniya yake yi. Abin da ke ɗaukar mutum ko kaya zuwa sama shi ne kumbo.

Wata ɗaliba daga Katsina ta ce me ya sa ake cewa "yaƙin cacar baka" alhali Turawa "sanyi" suka ce, kuma baki ne ko baka?

Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da ya rubuta "yaƙin sanyi" tun daga shafin farko har na ƙarshe. Na tambaye shi ko da bargo aka gwabza. Ya yi shiru, sa'an nan ya gane. Sanyi a Hausa na hunturu ne, ko na hali, ko na ciwo. Ba ya nufin gabar da ba a zare makami ba. Waɗanda suka zaɓi "cacar baka" sun yi tunani da Hausa, sun kuma kyauta. Baka da baki duk ana ji, ba na kuma kushe ɗaya, sai dai "baka" ita ce sigar da ke nuna hanyar yin abu, kamar a adabin baka, ita ce kuma ta zauna a wannan suna.

Amma ina da ƙorafi a kan kalmar, ko da yake ba zan ce a sauya ta ba. Tana sa mai karatu ya zaci surutu kawai aka sha. Ba haka Ba'amurken lokacin ya ji abin a jikinsa ba. Tun da Sobiyat ta gwada nata bam ɗin nukiliya a 1949, ana koya wa yaran firamare su faɗa ƙarƙashin teburin aji su rufe kai da hannu in an busa ƙaho. Wasu magidanta sun haƙa ɗakunan ɓuya a bayan gida suka tara abincin gwangwani. A yaƙin Koriya, 1950 zuwa 1953, Amurkawa fiye da 36,000 suka mutu, 'yan Koriya kuwa miliyoyi. In kina bayani, ki ƙara da cewa manyan biyu, Amurka da Sobiyat, ba sa ga-maciji, kowanne yana wasa wuƙa, faɗan kuma a gidajen wasu ake yin sa.

"Bashi hanji ne, yana cikin kowa": wani ɗan kasuwa daga Agadas ya ce ko wannan izini ne na cin bashi. Lallashi ne ga wanda kunyar bashi ta kama, ba izini ba. Ya kawo misalin Amurkawan da suka cika gida da firji da mota da injin wanki a kan biya kaɗan-kaɗan, da katin bashi na Diners Club da ya fito a 1950. Karin maganar ta bayyana halin da suke ciki, ba ta ce sun yi daidai ba.

Tambayar da ta fi daɗe mini a rai ta zo daga wata uwa a Jos. Ta ce tana ganin hotunan Amurka na wancan zamani, gida da ciyawa a ƙofa, mota, uwa da uba da yara a gaban akwatin talabijin, wace karin magana ta dace da su: "gani ya kori ji" ko "kallon kitse ake wa rogo"?

Duka biyun, Hajiya, amma ba a hoto ɗaya ba. Wadatar gaskiya ce. A 1950 gida 9 cikin 100 ne ke da talabijin, kafin 1960 sun kusa 90. A Levittown, kusa da birnin New York, an fara gini a 1947, aka tsayar da gidaje fiye da 17,000 masu kama da juna, akasari don sojojin da suka dawo daga yaƙi. Sai dai a takardar yarjejeniyar gidajen an rubuta cewa fararen fata kaɗai za su zauna. Baƙin sojan da ya yi yaƙi ɗaya da su ba shi da ɗaki a can. Wanda ya kalli hoton ya ce haka kowa yake, shi ne ya yi wa rogo kallon kitse: fari ne tas daga nesa, sai an kai baki.

"Gani ya kori ji" kuwa wurinta daban. A watan Agustan 1955 aka kashe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, Emmett Till, a jihar Mississippi, bisa zargin ya yi wa wata farar mace rashin ladabi. Da aka kai gawarsa Chicago, mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin a buɗe, duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Mujallar Jet ta buga hoton. An daɗe ana jin labarin irin wannan kisa a kudancin ƙasar, amma ranar aka gani. Nan ne karin maganar take da nauyinta, ba a tallar atamfa da ake yawan liƙa ta yanzu ba.

Wannan ya kawo ni ga mai tambaya daga Gusau, wanda ya rubuto: "baƙaƙen fata sun ƙauracewa motocin bas", yana son in duba masa. Labarin daidai ne. Ranar 1 ga Disamban 1955 aka kama Rosa Parks, wata mai ɗinki, a birnin Montgomery don ta ƙi tashi ta ba farin mutum kujera. Baƙaƙen birnin, waɗanda su ne mafi yawan fasinjoji, suka daina hawa bas kwana 381, suna tafiya aiki a ƙasa ko suna ɗaukar juna a motocinsu, wani matashin limamin coci mai suna Martin Luther King yana jagoranta, har kotun ƙoli ta soke dokar wariyar kujeru. Rubutun ne ba daidai ba. "Sun ƙaurace wa motocin bas", a rabe. Wannan "wa" ita ce ke komawa "masa" da "mata" da "musu": sun ƙaurace musu. In kana iya sa "musu" a gurbinta, raba ta. "Ƙauracewa" a haɗe suna ne: ƙauracewar ta yi kwana 381. Kuskuren nan ya cika kanun labarai har yara sun fara ɗauka shi ne ƙa'ida, kuma gyaransa bai wuce taɓa maɓalli ɗaya ba.

Na ƙarshe, daga Yamai: "jif" sunan kamfani ne ko na kowace babbar mota? Asalinta ƙaramar motar sojan Amurka ce ta Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya Jeep ya zama sunan kasuwanci. A Hausa ta faɗaɗa, duk mota mai tudu jif ce, kuma ban ga laifin hakan ba.